Shekarar da Na Ƙi Rubuta Takardar Ƙawance

'Ya'yana, akwai wata magana da na san kun sha ji a bakin mutanen Tudun Marke, wani lokaci cikin wasa, wani lokaci da ɗan ɗaci a ciki, wai a shekarar rikicin fadama gidanmu ya janye jiki ya bar gari. Yanzu da na bar koyarwa na dawo gida ina kiwon 'yan tumakina, na ga ya kamata in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance. Yawancin waɗanda aka yi abin a gabansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma ba na so ku karɓi labarin daga bakin wanda shi ma ji ya yi.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gezawa. In tafi da safe a kan babur, in dawo kafin la'asar. Ni ne kuma sakataren ƙungiyar garinmu, duk wata takarda da za ta fita da sunan Tudun Marke ta hannuna take bi. Kakanku, wanda kowa ke kira Baba Saje, yana nan da sauran ƙarfinsa, yana noman gero da dawa da gyaɗa a gonar bayan gida. Kowa ya san ya je yaƙin Bama, can nahiyar Asiya, yana saurayi, a can ya samo sunan Saje, a can kuma ya baro jin kunnensa na hagu. Amma har na yi aure na haihu ban taɓa jin ya ba da labarin yaƙin nan ba. In yara suka matsa masa, sai ya ce ƙasa ce mai yawan ruwan sama, ya kama wani zancen.

Fadamar da ke arewa da mu ƙauyuka huɗu ne ke cin moriyarta: mu, da Unguwar Ɗinya, da Kwarin Gawo, da Tsamiya. Da can ba wanda ya damu da ita sosai, sai 'yan tsirarun masu lambu da ke ban ruwa da jigo. Da ƙananan injinan ban ruwa suka shigo, mutane suka ga abin da tumatir da albasa da attaruhu ke kawowa da rani, sai kowane taku na ƙasa ya yi daraja. Iyakokin da kakanni suka shata da gamba duk sun shafe. Mutanen Ɗinya da na Kwarin Gawo suka fara sa-in-sa a kan wani yanki da ke bakin ruwa. Ba a daɗe ba muka ji Kwarin Gawo sun ƙulla da Tsamiya, sun yi rantsuwa za su tsaya wa juna. Sati bai zagayo ba sai ga dattawan Ɗinya a ƙofar dagacinmu da ƙwaryar goro, suna neman mu ma mu ƙulla da su.

Wanda ya ɗauki maganar a ka shi ne Baffa Ilu, ƙanen kakanku uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shugaban ƙungiyarmu. Fataucin shanu yake yi, mutum ne mai murya da buɗaɗɗen hannu, ba a taɓa zuwa ƙofarsa a koma da yunwa. Ya same ni a zaure wata ranar Laraba, ko zama bai yi ba ya faɗa mini abin da zan rubuta.

"Sule, ranar Juma'a bayan la'asar za a taru a ƙofar dagaci. Ka zo da takarda da biro. Abin da za ka rubuta kaɗan ne: wanda ya taɓa mutumin Ɗinya ya taɓa mutumin Tudun Marke. In aka buga ganga, kowane gida ya fitar da namiji ɗaya."

Na ce to, Baffa. A raina ban ga wani aibu ba. Mutanen Ɗinya maƙwabtanmu ne, muna cin kasuwa ɗaya, muna auren juna.

Washegari da yamma ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida ina shirya darasin mako mai zuwa, Baba yana gefe a kan buzunsa yana tufkar igiyar rama. Ya tambaye ni me nake koya wa yaran mutane a 'yan kwanakin nan. Na ce labarin yadda manyan ƙasashen Turai suka riƙa ƙulla ƙawancen soja a tsakaninsu kafin yaƙe-yaƙen duniya. Darasi ne da na maimaita shekara da shekaru, ina zana shi a allo, ƙasashe uku a wannan gefe, uku a wancan, yara su haddace su zuba a jarrabawa. Sai na ga hannunsa ya tsaya a kan cinyarsa. Ya juyo mini da kunnensa mai ji.

"To kai da ka karanta, gaya mini. Me ya kai ni Bama?"

Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Shi bai yi ba. Sai na ajiye littafin na fara yi masa bayani a hankali. Na ce kafin yaƙin farko, ƙasashen sun kasu gida biyu, kowane gida ya yi alkawarin in aka taɓa ɗaya sauran za su shigo. Da aka harbe wani yarima a wani gari mai nisa, alkawuran nan suka riƙa jan ƙasa bayan ƙasa har wuta ta game ko'ina. Kafin yaƙin da shi ya je kuwa, Ingila da Faransa ne suka yi wa wata ƙasa mai suna Folan alkawarin za su tsaya mata in Jamus ta auka mata. Ita Jamus ta ƙulla da Italiya, daga baya Japan ta shiga cikinsu. Jamus ta auka wa Folan, Ingila ta cika alkawari ta shiga yaƙi. Da Japan ta kama Bama, wadda ke hannun Ingila, sai Ingila ta waiwayo ƙasashen da take mulka tana neman samari.

Ya daɗe yana murza bakin igiyar da babban yatsa.

"Ita Folan ɗin nan, ta san da ni?"

Na ce ina jin ba ta sani ba, Baba.

"Ni ma ban san da ita ba sai yau."

Ranar ce ya buɗe baki. Ya ce an zo wurin dagaci aka ce ya ba da samari, aka nuna shi aka nuna abokinsa Ɗanjuma, ɗan Kwarin Gawo, wanda suke kokawa tare tun suna yara. Aka sa su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa, kwana da kwanaki ba sa ganin komai sai ruwa. A can daji ne da rana ba ta ratsa shi, tufafi ba sa bushewa a jiki. Wata rana suna haye wani kogi da kaya a ka aka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Ya waiwaya bai ga Ɗanjuma ba, bai kuma sake ganinsa ba. Da aka sallamo su, kafin ya shiga gidansu sai da ya bi ta Kwarin Gawo ya durƙusa gaban mahaifiyar Ɗanjuma. Ya ce ba ta yi kuka a gabansa ba, tambaya ɗaya ta yi masa: su mutanen da suka kashe shi, me ya taɓa haɗa su da shi? Ya ce shekara arba'in yana yawo da tambayar tsohuwar nan, bai samu wanda zai amsa masa ba.

"Ban ce Turawa sun yi laifi da suka cika alkawari ba," in ji shi. "Alkawari abu ne mai nauyi, dole a cika. Shi ya sa nake so mutum ya duba kafin ya ɗauka, da 'ya'yan wa zai cika shi. Na ji abin da Ilu ya ce ka rubuta. In yaron Ɗinya ya tsokano faɗa da gangan, wa zai ce mana shi ne da laifi kafin a buga gangar?"

Inna, kakarku, ta leƙo daga soro ta ce mu taso tuwo yana hucewa, tun ɗazu take jin muna ta Folan Folan kamar wata amarya da za a kawo. Baba ya yi murmushi ya naɗe igiyarsa.

Ranar Juma'a gari ya cika a ƙofar dagaci. Dattawan Ɗinya suna kan tabarma ta gaba, an kawo Alƙur'ani an ajiye a kan buzu. Baffa Ilu ya miƙe ya yi magana, kuma ina so ku sani maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce Kwarin Gawo da Tsamiya sun riga sun zama ɗaya. In suka gama da Ɗinya, yankinmu ne a gaba, ranar kuwa ba mu da wanda za mu kira. Ya ce in suka ga mu ma mu biyu ne, za su yi tunani kafin su ɗaga sanda, ƙila ma faɗan ba za a yi shi ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni kaina na san a littattafan da nake koyarwa akwai lokutan da irin wannan tsoron juna ya hana yaƙi.

Dagaci ya dube ni ya ce Malam Sule, bisimilla. Na riƙe biro. Na ce ranka ya daɗe, ina neman afuwa. Zan rubuta cewa za mu raka mutanen Ɗinya wurin hakimi, mu ba da shaidar iyaka kamar yadda muka gada, in ta kai kotu mu je tare. Amma layin ganga da namiji ɗaya daga kowane gida, ba zan iya rubuta shi ba. Wuri ya ɓarke da hayaniya. Baffa Ilu ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Sule, ni ka kunyata a gaban baƙi?"

Kafin in amsa Baba ya dafa sandarsa ya miƙe. Bai iya dogon jawabi ba. Ya ce shi kaɗai ne a wurin nan ya taɓa zuwa faɗan da wasu suka ƙulla, ya san yadda ake tafiya da yadda ake dawowa. Ya ce gidansa zai ba da shaida, zai ba da hatsi in an bukata, amma ba zai rantse a kan jinin da bai san ranar zubarsa ba. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce tsohon soja ya tsorata. Baba bai ji ba, ta gefen kunnensa na hagu maganar ta fito. Ni na ji, kuma na san wanda ya faɗa, amma ba zan rubuta sunansa ba, jikokinsa abokanku ne.

Aka karɓi takardar daga hannuna aka ba wani malamin firamare ya rubuta. Gidaje suka yi ta rantsuwa ɗaya bayan ɗaya. Mu da wasu gidaje huɗu muka tashi muka tafi.

Abin da ya biyo baya ba duka ba ne, ba zagi ba ne, shiru ne. Aka cire ni daga sakatare ba tare da an gaya mini ba. In na yi sallama a majalisa a amsa a taƙaice, hira ta mutu har sai na wuce. Da kaka ta yi muka kira gayyar yankan dawa, mahaifiyarku Rabi da Inna suka dama fura ƙwarya uku, mutum shida suka zo. A watan ne aka haifi Hadiza. Ranar suna liman ya zo, don shi ba ya ƙin kowa, amma tabarmin da muka shimfiɗa rabinsu ba wanda ya zauna a kai. Baffa Ilu, wanda shi ya kamata ya raba goro, bai taka ƙofar ba. Na shiga ɗaki na tarar da mahaifiyarku tana share hawaye da bakin zane.

"Malam, layi ɗaya ne fa. Da ka rubuta, me zai ragu a jikinka?"

A ranar ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan.

Gangar ta yi kuka da tsakiyar rani, wata ranar Asabar da hantsi. An wayi gari an tarar an yanka tiyon injin wani mutumin Ɗinya, aka ce mutanen Kwarin Gawo ne. Har yau ba wanda ya san wanda ya yanka. Ina tsaye a ƙofar gida na ga samarin garinmu suna wucewa da sanduna da gatura, waɗanda na koyar da waɗanda muka yi wasan ƙasa tare, ba wanda ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Na ji kamar in ɗauki sanda in bi su, kowa ya huta. Sai Baba ya fito yana gyara hularsa.

"Fito da babur ɗinka ka cika shi da mai. Ka je bakin hanyar fadama ka tsaya a gindin kuka. Za a fara fito da su nan ba da daɗewa ba. Wanda aka kawo maka ka ɗauka, kada ka tambayi garinsu."

Shi kuma ya sa Inna ta yayyaga wani tsohon zane, ya cika buta biyu da ruwa, ya biyo ni a ƙafa. Yadda ya faɗa haka aka yi. Mutum na farko da aka fito da shi ɗan Kwarin Gawo ne, kansa a fashe. Na ga hannun Baba yana ɗaure rauni da saurin da ban san yana da shi ba. Na kai shi asibiti na dawo. Na uku da aka kawo Habu ne, babban ɗan Baffa Ilu, an sare shi a kafaɗa, jini ya jiƙa rigarsa har gwiwa. Baba ya danne wurin da tafin hannunsa, ya hau bayan babur ya rungume shi, muka tafi mu uku. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ba a same shi ba. Ya rayu, amma kun san hannun Baffanku Habu na dama, bai sake ɗaga fartanya da shi ba. A ranar wani dattijo ɗan Tsamiya ya rasu a fadamar. Daga baya muka ji ko taku ɗaya ba shi da shi a wurin, rantsuwa ce ta fito da shi.

'Yan sanda suka zo suka kwashi mutane daga garuruwan huɗu. Hakimi ya sa aka bi fadamar da igiya aka sake shata iyaka, aka kafa duwatsu. Ɗinya ta tsira da mafi yawan yankinta, namu kuwa ba a taɓa shi ba. Baffa Ilu har ya bar duniya yana cewa ba don sun fita ranar nan ba, da Kwarin Gawo sun haɗiye fadamar kafin hakimi ya ji labari. Ba zan ce muku ƙarya ya yi ba. Na yi shekaru ina juya abin, na karanta abin da masana suka rubuta a kan ƙawancen manyan ƙasashe, su ma ba su daidaita ba, wasu na cewa shi ke kawo yaƙi, wasu na cewa shi ke jinkirta shi. Abin da na sani shi ne ban rubuta layin da ya fitar da Habu daga gida ba, kuma da wannan nake kwana lafiya.

Mutane suka fara sakin fuska a hankali. Wanda na ɗauko ɗansa a babur ba ya iya ɗauke kai in mun haɗu. Habu da kansa, da ya warke, ya riƙa zuwa gindin darbejiya yana zama wurin Baba, su yi ta hira ƙasa-ƙasa, irin hirar da Baba bai taɓa yi da mu ba. Amma Baffa Ilu bai zo ba. Ya aiko da godiya ta bakin matarsa, shi ke nan. Damina biyu suka wuce, 'yan'uwan nan biyu suna sallah a sahu ɗaya, kowa ya fita ta ƙofarsa. Inna ta yi aike, liman ya yi magana, ba abin da ya sauya. Baba bai taɓa kukan abin ba, sai dai na lura in an yanka kaza a gida yakan ce a kai wa Ilu cinya, a dawo da kwanon ba saƙo.

A damina ta uku ƙafar Baba ta kumbura, ga ruwan shuka ya sauka, ni kuma ina fama da jarrabawar ɗalibai. Ranar Lahadi da sassafe na ɗauki fartanya na nufi gonar bayan gida, ina tunanin ta ina zan fara. Tun daga nesa na ji ana yi wa shanu tsawa. Baffa Ilu ne, ya ɗaure bijimansa biyu a garma, ya riga ya yi kunya goma sha, rigarsa a rataye a kan reshen gawo. Na gaishe shi ya amsa bai tsaya ba. Na koma gida da gudu na gaya wa Baba. Ya sa Inna ta dama fura da nono mai yawa, ya ce shi zai kai. Na ce ƙafarka fa, ya ce in riƙe masa ƙwaryar kawai.

Muka isa yana ɗingishi, ya zauna a inuwa a bakin gona. Baffa ya kai ƙarshen kunya, ya juyo da shanun, ya zo daidai inda muke ya tsaya. Gumi yana zuba daga gemunsa. Suka dubi juna, tsofaffi biyu masu kama ɗaya.

"Yaya, kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Har gobe ni ne da gaskiya."

Baba ya juya masa kunnen dama ya ce ya maimaita. Baffa ya maimaita da ƙarfi, har shanun suka motsa.

"Na ji," in ji Baba. "Zauna ka sha, kafin ƙuda su riga ka."

Baffa ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya karɓi ludayi ya sha uku, ya miƙa masa. Suka yi ta karɓa-karɓa har ƙwaryar ta ƙare. Sannan Baffa ya dube ni ya ce me nake jira a tsaye kamar baƙo, in kama garmar mana, ko boko ya hana ni sanin yadda ake riƙe ta. Na tuɓe riga na kama. Kunyar da na ja ta farko ta karkace, na ji su a bayana su biyu suna yi mini dariya.